Naira 240,000 na tura, aka kawo mini allura a baƙar leda

Jama'a, an yi mini sakiyar da ba ruwa a garin nan. Naira 240,000, kuɗin adashina da na kwasa, ko kwana biyu ba su yi a hannuna ba.

Shekara shida ke nan ina fama da ciwon fatar nan, soriyasis. Gwiwar hannu, ƙauri, har cikin gashin kai, farin ɓawo yana zuba kamar dusa. Ko a zafin Afrilu ba na sa riga mai gajeren hannu. Likitan fata ya ce man shafawa ya gaza, sai allurar adalimumab. Ta asali ita ce Humira, amma akwai 'yan'uwanta da ake kira bayosimila, irin su Amgevita da Hyrimoz, aikinsu ɗaya, kuɗin bai kai nata ba. To don Allah da wani mai sayar da magani a waya ya ce mini ta Indiya gare shi mai sauƙi, me zai sa in yi mamaki? Ana yin su a Indiya, wannan gaskiya ne.

Kada wani ya ce ban yi hankali ba. Kun san me ya tambaye ni a WhatsApp? "Yallaɓai, an yi maka gwajin tibi? In ba a yi ba, ba zan sayar maka ba." Tambayar da likitana ya yi mini ke nan sak. Har ya ce miligiram 80 ake farawa da shi, bayan mako guda 40, daga nan duk sati biyu. Wane ɓarawo ne zai ce ba zai sayar ba? Nan ya gama da ni. "An yi maka gwajin tibi?" Har yanzu ina jin muryar.

Guda uku, 80,000 kowacce. 240,000.

Mai adaidaita sahu ya kawo mini a Zoo Road, wajen la'asar. A'a, tun kafin nan ma mai maganin ya ce in tura rabi, na tura duka, wai don in nuna amana. Kwalin da ɗumi a hannuna kamar gurasa, babu ko ƙanƙara. Maganin da ake ajiyewa a firij tsakanin digiri 2 da 8! Na kira shi, ya ce wai sabon samfuri ne.

Wata mai harhaɗa magunguna ta ɗaga sirinjin a haske, ruwan gurɓatacce, alhali garau ya kamata ya zama. Babu lambar NAFDAC, kwanan watan lalacewa kuma takarda ce aka manna. Ta ce, "Baba, ka yi?" Na ce a'a. Ta yi hamdala.

Kafin magariba ya toshe lambata.

Kada ku sayi allurar nan a waya, ku bi ta hannun likitanku. Hotunan hirarmu da rasidin banki suna nan tafe, bari a kawo wuta. Maiɗakina har yanzu ta ɗauka maganin yana firjin maƙwabta.