Wata shida da madubin hangen taurari: abin da ya nuna min da abin da ya kasa

Jama'a sannunku. Wata shida kenan da na sayi ƙaramin madubin hangen taurari, irin mai faɗin milimita 130 ɗin nan da ake ɗorawa kan tebur, kuma tun lokacin abokai ke ta tambayata wai ya yake, ya ci kuɗinsa kuwa, ko gara mutum ya ƙara kuɗi ya canza waya kawai. To bari in faɗi abin da na gani da idona.

Abin da ya ja ni na saya tun farko labarin duniyoyin nan ne da ake ta ganowa a kusa da wasu taurari. Tun 2017 da aka sanar da duniyoyi bakwai masu zagaya tauraron TRAPPIST-1 abin ya tsaya min a rai, ga shi an ce uku ko huɗu daga cikinsu suna daidai tazarar da ruwa zai iya zama ruwa, bai daskare ba bai ƙone ba. Ni dai a raina na ce ko ɗigonsu ne in gani. To in faɗa muku gaskiya tun daga nan: ba za ku gansu ba. Shi kansa tauraron jajaye ne mai raunin haske, yana nesa da mu kamar tafiyar haske ta shekara 40, madubi irin nawa ko alamarsa ba ya kamawa balle 'ya'yansa. Su ma masanan ba hotonsu suka ɗauka ba, hasken tauraron suke aunawa, in duniya ta gifta ta gabansa sai hasken ya ɗan ragu, daga nan suke lissafa girmanta da kwanakin zagayenta. Duniya mai girman Jupita in ta gifta gaban tauraro irin ranarmu kashi 1 cikin 100 kawai take rage masa, mai girman tamu kuwa ko kashi 1 cikin 10,000 ba ta kai ba. Da wannan dabarar kumbon Kepler da aka harba a 2009 ya gano duniyoyi sama da 2,600.

Abin da ya ɓata min rai shi ne kwalin. An cika shi da hotunan gajimaren taurari ja da shuɗi da kore kamar haka za ka gani, alhali ido ba ya ganin waɗannan launukan ta ƙaramin madubi, abin da za ka gani ɗan hazo ne fari-fari. Wannan yaudara ce kuma bai kamata ba, don yaro zai iya buɗewa da murna ya duba sau ɗaya ya jefar. Sai maƙalin wayar da ya zo da shi, wallahi na sha wuya, kafin ka saita kyamara da bakin gilashin abin da kake nema ya sulale ya bar wurin, saboda ƙasa tana juyawa kuma a cikin madubi za ka ga juyawar ƙuru-ƙuru, minti biyu in ka yi sake sai ka sake nema. Ɗan jan ɗigon da ake saiti da shi ma in ka manta ba ka kashe ba, washegari batir ya mutu. Hoton kuma a kife yake zuwa, sai hannu ya saba.

Amma fa daren da na fara juya shi kan wata, kai. Gilashin ido biyu ya zo da su, na milimita 25 mai ƙara girma sau 26 da na milimita 10 mai sau 65, na sa na biyun lokacin wata yana rabi, sai ga ramuka da tsaunuka, kowanne da inuwarsa baƙa ƙirin a bakin layin da ya raba haske da duhu, har ɗan tsaunin da ke tsakiyar wani rami ina gani. 'Yata ta ture ni ta leƙa, ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ɗago ta ce "Baba, to ina bishiyoyin?" Na ce babu, ko iska babu. Ta ce "ai kusa da mu yake."

Maganar yarinyar nan ita ta warware min abin da na daɗe ina karantawa ban gane ba. Wata da duniyarmu kusan tazararsu ɗaya da rana, wato shi ma yana cikin yankin nan da ake cewa rayuwa za ta yiwu, amma ga shi nan fayau, da rana zafi ya haura digiri 100, da dare sanyi ya fi digiri 100 ƙasa da sifili, don ba shi da nauyin da zai riƙe iska. Sai Zara matar wata, na dube ta da yamma na ga ashe ita ma tana yin lauje kamar jinjirin wata, kyakkyawa da ita, girmanta kusan ɗaya da duniyarmu. Amma a ƙasanta zafi ya kai wajen digiri 465, nauyin iskarta ya ninka namu kusan sau 90, gajimarenta na asid ne. In da wani yana can nesa yana auna ranarmu da dabarar gifcin nan, zai iya rubuta cewa ya gano duniyoyi biyu masu kama da juna. Tun daga ranar in na ga kanun labari wai an gano wata duniya da za a iya zama, abin da nake fara nema shi ne tana da iska, kuma wace iri. Su ma na TRAPPIST-1 ɗin, da madubin James Webb mai faɗin mita 6.5 ya duba duniyar da ta fi kusa da tauraron a 2023, alamu sun nuna kusan ba ta da iskar kirki. Ga shi jajayen taurarin nan suna yawan feso wuta mai iya kwashe iskar duniyar da ta matso su.

Jupita ma ya burge ni, ɗigo huɗu a jere gefensa, su ne watannin da masanin taurari Galileo ya gani a 1610, kullum ka duba sun canza wuri. Ɗaya daga cikinsu, Europa, ana da hujjoji masu ƙarfi cewa akwai teku ƙarƙashin ƙanƙararta, har an harba kumbon Europa Clipper a Oktoban 2024 zai isa can a 2030. Wato ɗigon da ke can wajen yankin rayuwar ya fi watan da ke ciki ba da fata. Zuhal kuwa ƙarami ne sosai a gilashin amma zobensa ya fito tsaf.

Akwai dare ɗaya da ba zan manta ba. Da taimakon manhajar Stellarium mai nuna taswirar sama na bi sama sannu a hankali har na samo 51 Pegasi, tauraron da Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniya a gefensa a 1995, ta farko a kusa da tauraro irin ranarmu, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2019. Ɗigo ne kawai, ba shi da bambanci da maƙwabtansa. Amma na tsaya ina kallonsa na san akwai wata ƙatuwar duniya mai zafi tana zagaya shi duk kwana huɗu, kuma hasken da ke shiga idona ya baro can kusan shekara 50 da suka wuce, jikina har ya yi sanyi, na ce tsarki ya tabbata ga Mahalicci.

Maganar waya ko madubi kuwa, ni dai na canza waya sau da dama kuma bayan sati biyu sabuwar ta zama kamar tsohuwar, abin da nake yi da waccan shi nake yi da wannan. Shi madubi ba ya neman sabuntawa, ba ya cin data, in ka kare shi daga ƙura da raɓa shekara goma ma yana nan yadda yake. Sai dai in kai mai gajen haƙuri ne ko kana inda fitilu suka cika sama, ka fara da ƙaramin abin hangen nesa na hannu tukuna, ka dubi kaza da 'ya'yanta ka ga ko abin zai kama ka. In za ka saya, faɗin madubin za ka duba, kar ka bi lambar ƙara girman da ake rubutawa da manyan baƙi, irin nawa iyakarsa wajen sau 260 ne, shi ma sai daren da sama ta kwanta. Maƙalin wayar kam na ajiye shi a kwali, yanzu littafi muka samu ni da 'yata muna zana inda watannin Jupita suke duk daren da babu hadari.