Gwajin digoxin a Jos: an iya ɗibar jini, amma jiran sakamako ya ɓata aikin

Mahaifiyata tana fama da raunin zuciya, kuma likitanta ya ɗora ta a kan digoxin, ƙwayar miligiram 0.125, tare da Lasix saboda kumburin ƙafa. Da ta fara ƙin abinci tana kukan tashin zuciya, sai ya ce a auna yawan maganin a jininta, domin tazarar da ke tsakanin amfanin digoxin da zamansa guba ba ta da yawa, ga shi kuma ta ƙoda yake fita, ƙodar tsofaffi kuwa ba ta da ƙarfi.

Mun je wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a wajen Terminus da hantsi. Ma'aikaciyar har ta ɗaura mata roba a dantse, ta goge wurin da auduga, sai ta dakata ta ce, "Hajiya, ƙarfe nawa kuka sha ƙwayar yau?" Da ta ji cewa bayan karin kumallo ne, sai ta kwance robar. Ta bayyana mana cewa jinin da aka ɗiba kafin awa 6 da shan maganin yakan nuna adadi mai yawa na ƙarya, saboda maganin bai gama barin jini ya shiga tsoka ba. Ta ce mu dawo washegari kafin a sha ƙwayar, kuma ba ta karɓi ƙarin ko sisi ba. Allah ya saka mata da alheri, domin wannan tambayar ita ce gwajin.

Daga nan abin ya lalace. Sai bayan mun biya aka gaya mana Abuja ake tura jinin. Mako ya wuce ba sakamako, wayarsu ba mai ɗagawa, Hajiya kuwa tana ta ramewa. Wannan ba gwajin da ake jan ƙafa a kansa ba ne.

Da takardar ta fito, an rubuta 1.6, an kuma nuna cewa lafiya lau ne bisa tsohon ma'auni na 0.8 zuwa 2.0. Likita ya ce ga mai raunin zuciya yanzu 0.5 zuwa 0.9 ake nema. Ya rage mata maganin, ya sa a duba ƙoda da fotashiyam, wani sinadari da ke cikin jini, tunda Lasix yana zubar da shi, ƙarancinsa kuma yana ƙara haɗarin digoxin. Waɗannan biyun a wani wuri muka yi su, kuma a ranar aka ba mu sakamako.