Ƙamus ɗin Cambridge ya warware mini "while away"

Wata ƙawata da muke rubuta wa juna saƙo da Turanci ta ce jirginsu ya yi jinkiri, amma "we whiled away the afternoon" ita da 'yarta. Na tsaya cak. Ni dai "while" da na sani tun makaranta ita ce "yayin da". To, ina ta samo wutsiyar "-ed"? Na jefa jimlar cikin wata manhajar fassara da ke wayata, abin da ta ba ni ba kai ba gindi.

Daga nan na buɗe shafin Cambridge Dictionary, wanda kyauta ne a intanet. Ina rubuta kalmomin biyu sai ga su a haɗe a matsayin aikatau guda. Ma'anar a taƙaice ita ce mutum ya ci lokaci cikin annashuwa don ba shi da abin yi, ko don yana jiran wani abu. Jimlolin misali da ke ƙasa su suka fi yi mini amfani. A cikinsu na gane cewa maganar ba ta tsayawa ita kaɗai, sai an ambaci lokacin da aka ci, sa'o'i ne, yamma ce ko dare. Kuma ana iya cusa lokacin a tsakiya, a ce "while the time away".

Abin da ya sa na ji daɗin wannan bayani, da ina ɗauka duk ɓata lokaci ne. Ashe akwai tazara. Na bi na duba "waste time", wannan asara ce da zargi. "Kill time" kuwa akwai ƙosawa a ciki, irin ta mai duba agogo kowane minti. Ita "while away" babu nadama a cikinta, ta fi kusa da abin da muke nufi idan muka ce ana hira don a rage dare, ko a ɗebe kewa.

A kan kalmar "while" akwai maɓallan sauti biyu, lafazin Ingila da na Amurka. Na danna na Ingila sau uku kafin na yarda ba a furta "h" ɗin, "wayil" kawai ake cewa.

Bayanin da na karanta da Turanci yake, mai sauƙi dai, don haka ya fi dacewa da wanda ya ɗan yi nisa a koyo. A daren na amsa wa ƙawata, na tambaye ta da me suka rage yammar. Ta ce wasan kati.