Rediyokabon ko yuraniyom: wanne gwajin shekaru za ka biya?

'Yan zango da ke digiri na biyu a jami'o'in KNUST da Legon na Gana kan tarihin damina da fari suna yawan tambaya ɗaya: kuɗin bincike kaɗan ne, ɗakunan gwaji na waje kuma dala suke karɓa ba sidi ba, to wanne za a saya? Ƙanena, buɗe ledar samfurinka tukuna, abin da ke ciki shi zai yanke hukunci.

Mafi yawanku a rediyokabon za ku ƙare, domin abin da ƙasar Gana ta fi ba mu shi ne ɓawon kawa, gawayi da lakar tafkin Bosumtwi. Kabon-14, wanda gwajin ke aunawa a cikin abin da ya taɓa rayuwa, yana raguwa da rabi duk shekara 5,730, bayan kamar shekara 50,000 kuma babu sauran abin aunawa. Na'urar AMS, mai ƙirga kabon-14, 'yan miligiram kawai take buƙata. Ana yi a Oxford, da Beta Analytic a Miami, da iThemba a Johannesburg. Na kasuwa sun fi sauri. Na jami'a kan zo da sauƙi idan malaminka yana da abokin aiki a can, sai dai ka bi layi.

Tarkon yana wajen ɓawon teku. Dabbar da kabon ɗin ruwan teku ta gina gidanta, shi kuwa ya riga ya tsufa, saboda haka kawa da ganyen da suka mutu rana ɗaya, gwaji zai ce kawar ta girme shi da shekara 400 ko fiye. A gaɓarmu abin ya ƙara rikicewa, don daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙarƙashi mai sanyi yana tasowa sama da tsohon kabon. Tambayi ɗakin gwajin ko da Marine20, jadawalin daidaita shekarun abubuwan teku, za su daidaita sakamakon, domin jadawalin IntCal20 na abubuwan tudu ne. Ni dai shawarata, idan kuɗin gwaji shida gare ka, kada ka ƙarar da shi a ɓawo shida. Haɗa ɓawo da ƙwallon kwakwar manja daga shimfiɗar ƙasa ɗaya. Ƙwallon ɗan shekara guda ne, ya fi gawayin tsohuwar bishiya gaskiya, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita za ta gyara maka sauran.

Abin da bai wuce shekara 300 ba kuwa, rediyokabon amsa biyu ko uku zai ba ka. Lakar ƙarnin da ya wuce gwajin darma-210 ake nema mata.

Gwajin yuraniyom da toriyom ya fi kaifi, yana kuma kai wa kusan shekara 500,000. Yuraniyom na narkewa a ruwa, toriyom ba ya narkewa, don haka murjani ko dutsen da ɗigon kogo ya tara daga sifili yake fara ƙirga, yuraniyom yana rikiɗewa zuwa toriyom a hankali. Amma tsabta yake so. Tsaga dutsen ka duba: in fari ne tas, bismilla, in akwai jirwayen jar ƙasa, tsohon toriyom ya shiga, shekarun za su kumbura. Murjani kuma a fara yi masa gwajin XRD mai araha, na gane irin ma'adinin dutse, a ga ko ma'adininsa na asali, aragonait, bai rikiɗe zuwa kalsait ba. Ɓawon kawa kada ma ka kai shi, yana shan yuraniyom bayan mutuwa. Wani hanzari kuma, kogunan tsaunin Kwahu irin kogon Bosumpra na Abetifi, wanda masanin tonon tarihi Thurstan Shaw ya tona a 1943, na dutsen yashi ne, ba inda ake samun irin wannan ɗigon ba.

Ƙirga shimfiɗu da ido ya fi kowanne araha. Lakar Bosumtwi tana kwanciya shekara-shekara, da ita binciken 2009 ya nuna fare-faren da suka daɗe cikin shekara 3,000 da suka wuce. Masu binciken ma sai da suka tokare ƙirgar da rediyokabon.

In daga wurin tonon tarihi samfurin ya fito, nemi izinin fitarwa daga hukumar gidajen tarihi ta Gana kafin ka biya kowa. Ka busar da shi, ka naɗe a foyil, ban da auduga ko takarda, kuma hannu mai man kaɗe kada ya taɓa shi.