Hattara da masu sayar da "warkar da baƙin ciki ta hanyar mafarki"

Tallan nan da ke yawo a Facebook, TikTok da Telegram, mai cewa za a koya maka sarrafa mafarki har ka goge baƙin cikin shekaru cikin 'yan kwanaki, damfara ce da aka lulluɓe da guntuwar gaskiya.

Guntuwar gaskiyar ita ce, mutum kan iya gane cewa mafarki yake yi alhali bai farka ba. Likitan ƙwaƙwalwa Frederik van Eeden na Holan ya raɗa wa abin suna "lucid dream" da Turanci a 1913, kuma a 1975 Keith Hearne ya tabbatar da shi a Jami'ar Hull ta Ingila, inda mai barci ya ba da alama da motsin ido. Kimanin rabin mutane sun taɓa yinsa ko sau ɗaya. Amma gane kana mafarki daban, iya juya shi daban. Sau da yawa mutum yakan gane, sannan ya kasa sauya komai. Wanda ya ga tashin hankali kuwa, hakan na iya sa ya sake ganin abin da ya same shi, yana sane, ba hanyar fita.

Yadda suke yi: za a sa ka a zauren WhatsApp na "darasi kyauta", sai a cika shi da shaidar mutanen da ba wanda ya san su. Daga nan sai kaya uku: sautin saurare, abin rufe ido mai ƙyalla haske, da ƙwaya. In bai yi aiki ba, laifinka ne, wai ba ka buɗe zuciya ba, sai ka biya kuɗin mataki na gaba. Wasu ma kan ɗaura katin bankinka a kan cirar wata-wata ba tare da ka lura ba.

Ƙwayar ce ta fi tayar mana da hankali. Galibi galantamine ce, maganin masu cutar mantuwa ta Alzheimer. Tana sa tashin zuciya, amai, jiri da rage bugun zuciya, kuma haɗari ce ga mai asma, gyambon ciki ko ciwon zuciya. Wani bincike da aka buga a mujallar JAMA a 2024 ya auna nau'i 10 da ake sayarwa a matsayin ƙarin sinadari: abin da ke ciki ya kama daga ƙasa da kashi 2 zuwa kashi 110 cikin ɗari na abin da aka rubuta a kwalba. Wato ba ka ma san me kake haɗiya ba.

Sai umarnin saita ƙararrawa ka farka bayan awa 5, ka koma barci. Dabarar sananniya ce wajen sa mutum ya gane yana mafarki, domin barcin mafarki ya fi tsawo dab da asuba. Amma yinta kullum yana daddatsa barci, ya jawo dannau, ya ƙara damuwa, kuma rashin barci kan tayar da ciwon masu taɓin hankali. Mafi muni, wasu kan ce ka ajiye maganin damuwa da likita ya ba ka don "yana toshe mafarki". Yawancin waɗannan magunguna suna rage barcin mafarki. In aka yanke su farat ɗaya sai ya dawo da ƙarfi, munanan mafarkai su yi ta zuwa, masu tallan kuma su ce ai warakar ce ta fara.

Kada ka tura musu saƙon murya kana ba da labarin fyaɗe, duka ko wani sirrin gida. Ba su da rantsuwar riƙe sirri, kuma da shi ake tatsar mutum daga baya.

Abin da ke da hujja a farke ake yinsa. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawararsa a 2018: ka rubuta mugun mafarkin da ke maimaituwa, ka sauya yadda yake ƙarewa, ka riƙa bitar sabon a ranka minti 10 zuwa 20 kullum da rana. A fara da mafarki mai sauƙi, mai tsananin kuwa sai tare da ƙwararren likitan halayya.

In ka riga ka biya, ka kira bankinka a rufe katin, ka ɗauki hoton hirarku da rasit kafin su goge, ka kai rahoton shafin. Ƙwayar kuma ka kai wa likita ko mai harhaɗa magani da kwalbarta, musamman in kana shan wani magani.