Fina-finan Hitchcock da aka tura mini a filasha

Na kai filasha shagon wani mai tura fina-finai, na biya kuɗin tsofaffin fina-finan darakta Alfred Hitchcock guda biyar, kuma ban sa ran ganin wani abin kirki ba, domin a zatona fim ɗin da ya haura shekara 60 ba zai iya zaunar da wanda ya saba da harbe-harbe da tseren motoci ba. Rear Window na 1954 ne ya ƙaryata zaton nawa.

James Stewart ya fito a matsayin mai ɗaukar hoto a birnin New York wanda ya karye a ƙafa, zaman ɗaki ya ishe shi har ya koma leƙen maƙwabta ta taga, daga nan ya fara zargin ɗaya daga cikinsu da kashe matarsa. Kusan duk tsawon fim ɗin kyamara ba ta barin ɗakinsa, saboda haka iyakar abin da ya hango shi ne iyakar abin da mai kallo ya sani. Wurin da ya tsaya mini a rai shi ne inda budurwarsa, wato Grace Kelly, ta haura gidan mutumin ta taga tana neman shaida, sai ga shi ya dawo. Bayan 'yan sanda sun iso, ta mayar da hannuwanta baya tana nuna wa saurayin nata zoben matar da ta saƙala a yatsa. Mutumin ya lura da yatsan, ya bi inda ake nunawa da kallo a hankali, sannan ya ɗago ido ya dubi tagar kai tsaye. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, kamar ni aka kama ina leƙe. Ƙanena, wanda ba ya iya minti biyar bai taɓa waya ba, ya kife tasa a kan tabarma, bai sake ɗauka ba har aka gama. Babu jini a wurin, babu ƙarar bindiga, kallo ɗaya ne kawai ya yi wannan aiki.

Da a nan na tsaya da na yaba wa mai shagon, amma washegari na kunna Psycho na 1960 sai raina ya ɓaci. Sauti yana bin hoto a baya da daƙiƙu masu yawa, ta yadda a fitowar banɗaki da ake ta ba da labarinta, inda ake kashe wata mata tana wanka, kukan gogen da Bernard Herrmann ya tsara bai iso ba sai bayan wuƙa ta gama aikinta. Fim ɗin da aka gina kan daidaita lokaci, idan aka raba sautinsa da hotonsa, an kashe shi. Na koma na yi ƙorafi, ya ce haka shi ma ya samo shi, kuma idan ina son ya nemo wani sai na sake biya. Ban biya ba, kuma sauran ukun har yau ban iya buɗe su ba, don gudun kada in tarar an lalata mini Vertigo ma.