Garin yis da bakteriya na zubawa a abincin kifi da dabbobi, yadda na same shi

'Yan uwa masu kiwo, ga ra'ayina kan garin nan da ake ta tallarsa ana cewa ba kemikal a ciki. Wanda nake amfani da shi haɗi ne, a jikin leda an rubuta akwai yis mai rai wato Saccharomyces cerevisiae, dangin wanda ake kwaɓa burodi da shi, sai bakteriya mai amfani Bacillus subtilis da ɗan garin tafarnuwa. Irin kayan nan sun yi kasuwa ne tun da Tarayyar Turai ta hana zuba antibayotik a abincin dabbobi don saurin girma a 2006, saboda ƙwayoyin cuta na sabawa da magani su daina jin sa, shi ne kowa ya bazama neman madadi.

A tumaki da shanu gaskiya na yaba. Shi yis a tumbi yake aikinsa, yana shanye ɗan oksijin da ke shiga da abinci yana kuma rage tsamin da ke taruwa in dabba ta ci hatsi da dusa da yawa, sai bakteriyar da ke narka ciyawa su samu sakewa. Abin da na gani kashi ya daina fitowa ruwa-ruwa da ƙwayar hatsi a ciki, suna tuƙa sosai, ba sa barin saura a kwano. Amma wanda ya ce maka sati biyu rago zai cika ido, talla yake yi kawai.

Kifi ne dai sai da dabara. In ka haɗa garin kafin a buga felet, wato ƙwayoyin abincin kifi da inji ke bugawa, musamman mai tasowa saman ruwa da injin ke dafawa da zafi sama da digiri 100, to yis ɗin ya mutu murus, Bacillus ne kawai ke ɗan jurewa tunda shi yana rufe kansa cikin ɓawo. Dole sai bayan an buga, ka dama shi da ruwa kaɗan wanda ba kulorin, ka yayyafa a felet ɗin ka ɗan shafa mai don ya kama, ya sha iska a inuwa ka bayar a ranar, in ba haka ba kana watsawa za ka ga garin ya wanke yana yawo a saman kwami kifi bai samu komai ba. Tarwada sun ƙara ci kuma kumburin ciki ya ragu min, wannan ba laifi, sai dai canjin ruwa yana nan daram don garinka ba zai kawar da amoniya, wato gubar da ƙazantar kifi ke tarawa a ruwa, gaba ɗaya ba, kuma in abincin bai kai furotin kusan kashi 40 cikin 100 da kifaye masu girma ke so ba, ko buhu guda ka juye ba za su girma ba.

Inda masu yin garin suka ɓata min rai shi ne ledar. Ba su rubuta adadin ƙwayoyi masu rai a kowane giram ba, alhali shi ne abin da ka biya kuɗi a kai, awon kuma sun rubuta kilo 1 a tan 1, mai ƙaramin kiwo sai ya zauna lissafi kafin ya gane giram 1 ne a kilo 1. Bakin ledar ma ba zif, da ta sha danshi sai garin ya dunƙule. Ni yanzu ina ɗiban kaɗan in zuba a ruwan ɗumi da sukari, in ya yi kumfa yis ɗin na da rai, in shiru to dusa ka saya.

Kar a haɗa shi lokaci ɗaya da antibayotik, maganin zai kashe bakteriyar. Kuma abincin da ya yi fumfuna zubar da shi za a yi, kar a dogara da garin nan wajen cire afalatoksin, gubar da fumfuna ke haifarwa. Na dabbobi zan ƙara saye, na kifi kam sai na samu wanda ya rubuta adadin ƙwayoyinsa da ranar lalacewa ɓaro-ɓaro.